Daga Zuba zuwa wani asibitin ƙauye a Kwali

Da sassafe na hau motar Kwali a tashar Zuba, muka kama titin Lakwaja. Ana wuce mahaɗar Giri sai ka ga gonaki sun maye gurbin dogayen gine-gine, manyan motoci na ta rige-rigen zuwa kudu. A Gwagwalada aka sauke wasu 'yan mata sanye da kayan makaranta, ɗaliban jinya. Garin nan shi ne mazaunin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da kwalejin jinya ta Babban Birnin Tarayya, kuma yawancin nas-nas ɗin da na taɓa zantawa da su a ƙananan hukumomi shida na Abuja ta nan suka bi.

Daga Kwali, garin Ladi Kwali mai ginin tukwane da hotonta ke jikin naira 20, ɗan acaba ya kai ni ƙauyen da na nufa. Na tarar ranar awo ce. Matan Gbagyi da na Fulani sun cika benci, kowa da katinta a hannu, Hausa ce ke haɗa su.

"Sannu da aiki, Sista," na ce.

"Yauwa Malam, sannu da hanya. Zauna, sai na sallami waɗannan."

Ita kaɗai ce nas a wurin, sai ma'aikatan lafiyar al'umma da ke taya ta. Na kalle ta tana ɗaura wa wata mai tsohon ciki abin awon jini. Ta sake gwadawa, ta danna ƙafar matar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Nan take ta aika a kira mijin daga gona, ta rubuta takardar tura su babban asibiti, tana yi wa matar bayanin jijjigar haihuwa a hankali ba tare da ta tsorata ta ba.

Sai bayan azahar muka samu zama. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba ta sabunta lasisin nas sai ta nuna shaidar halartar kwas ɗin ƙara ilimi na dole. Doka ce mai kyau, ina goyon bayanta. Sai dai Sista ta nuna mini inda gizo ke saƙa: kuɗin rajista da na mota daga albashinta suke fita, kuma duk ranar da ta tafi ɗaukar darasi, ɗakin haihuwa ba shi da nas. Tana karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya mai hedikwata a Jabi, a waya take bitar darussa da dare, in an yi sa'a da sabis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar zubar jini bayan haihuwa. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi kan mata sama da 200,000 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa wa mai jego wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, a daina kintace da ido. Da ya kai iyaka sai a haɗa matakan ceto a lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke ta, maganin tsayar da jini da ƙarin ruwa. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Lokacin da Sista ta gama makaranta babu wannan a littafi. A zauren WhatsApp na abokan aiki ta fara jin labarinsa, kuma burinta ta gwada da hannunta a gaban malama. Mace irin wannan, wadda ba ta da likita a ɗaki na gaba, ita ta fi kowa cancantar a fara koya mata.

Kashegari na koma cikin birni, na bi ta ofishin hukumar jinya, inda nas-nas suka yi zanga-zanga a Fabrairun 2024 kan sabbin sharuɗɗan tantance takardun masu neman aiki a ƙasashen waje. A lokacin ne magatakardar hukumar, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Duk wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya, aikinta a kan wadda ta zauna yake faɗawa.

Gwamnatin tarayya, ta bakin Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate, ta yi alƙawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 na matakin farko. Ina fatan a cika. A ganina, malaman Gwagwalada su riƙa ɗaukar kayan koyarwa su sauka Kwali, Abaji, Kuje da Bwari, a yi darasin a ɗakin haihuwar da ake aiki. In kuwa tafiya birni ta zama dole, ƙaramar hukuma ta biya kuɗin, ta kuma turo nas ɗin da za ta riƙe asibitin har mai shi ta dawo.