Malamin da ya zama magatakardan almajirinsa

A taron ƙungiyarmu na watan jiya an yi ta ja-in-ja a kan wanda zai riƙe alƙalami. Kowa na cewa ya girmi aikin, har da mu kanmu. Da muka koma gida sai Jean Dieudonné ya faɗo mana a rai.

Babban masanin lissafi ne a Faransa. Ya girmi Alexander Grothendieck da shekara 22, kuma ya koyar da shi a birnin Nansi. Amma da ya ga yaron nan yana sake gina fannin nazarin siffofi da aljabara tun daga tushe, sai ya ajiye girma ya zama magatakardansa. Grothendieck ya kawo tunani a warwatse, dattijo ya zauna ya tsara, ya tace. Daga 1960 zuwa 1967 littattafan suka yi ta fitowa, shafi sama da 1,000. A kan wannan tushe ne Pierre Deligne, almajirin Grothendieck, ya tabbatar da na ƙarshe cikin hasashen André Weil, aka buga aikin a 1974.

Lambar Fields ta 1966 kuwa Grothendieck aka ba. Mu dai alƙalaminmu yana nan kan tebur, ga taro na gaba ya matso.