Humayun Ahmed: Marubucin da Ya Koya wa Al'umma Sayen Littafi

A farkon shekarun 1990, jama'a sun yi zanga-zanga a titunan Dhaka, babban birnin Bangladesh, suna neman kada a rataye wani mutum mai suna Baker Bhai. Abin mamakin shi ne, Baker Bhai bai taɓa rayuwa ba. Jarumi ne a wani wasan kwaikwayo na talabijin, Kothao Keu Nei, wanda Humayun Ahmed ya rubuta. Marubucin ya ƙi sauya ƙarshen labarin, aka rataye Baker Bhai, mutane suka yi makoki kamar ɗan'uwansu ne ya rasu. Ina yawan tuna wannan lamari duk lokacin da ake muhawara kan wane ne marubuci na gaske.

An haifi Humayun Ahmed a shekarar 1948 a yankin Netrokona. Mahaifinsa jami'in 'yan sanda ne, kuma sojojin Pakistan suka kashe shi a yaƙin neman 'yancin Bangladesh na 1971. Humayun ya karanci ilimin sinadarai a Jami'ar Dhaka, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Jihar North Dakota da ke Amurka, sannan ya dawo ya koyar a Dhaka kafin ya ajiye alli ya rungumi alƙalami da kyamara. Littafinsa na farko, Nondito Noroke, ya fito a 1972, yana da shekara ashirin da 'yan kai. Kafin cutar daji ta yi ajalinsa a birnin New York ranar 19 ga Yuli, 2012, ya rubuta littattafai fiye da 200.

Ta fassarar Turanci na karanta wannan littafi na farko. Labarin wani gida ne na masu ƙaramin ƙarfi: uba da uwa, da 'ya mai taɓin hankali, da ɗan da ya yi kisa don ɗaukar mata fansa. Babu kalma mai nauyi a cikinsa. Jimlolin gajeru ne, hirar kuma irin wadda ake yi a tsakar gida. Amma da na rufe littafin, sai na ji kamar na yi zaman makoki tare da su. A nan na gane cewa sauƙin harshe aiki ne mai wuya, wanda ba kowane alƙalami ke iya shi ba.

Kafin zuwansa, yawancin masu karatun ƙagaggun labarai a Bangladesh sun dogara ne ga marubutan Kolkata, can tsallaken iyaka a Indiya, tunda harshen ɗaya ne. Humayun ya juyo da idonsu gida. Ya ƙirƙiro Himu, saurayin da ke yawo ba takalmi cikin riga ruwan ɗorawa marar aljihu, da Misir Ali, malamin da ke warware al'amuran ban tsoro da hankali da hujja. A kasuwar baje kolin littattafai ta Ekushey, wadda ake ci kowace Fabrairu don tunawa da waɗanda aka kashe a 1952 saboda kare harshen Bangla, matasa sun kasance suna yin dogon layi domin sabon littafinsa.

Masu sharhi ba su ƙyale shi ba. Sun ce yana rubutu da gaggawa, yana maimaita kansa, yana bin abin da kasuwa ke so. Akwai gaskiya a wannan zargi, domin wanda ya rubuta littafi 200 ba zai rasa masu rauni ba. Sai dai hannun da ya rubuta Himu shi ne ya rubuta Jochona O Jononir Golpo a 2004, babban labari kan yaƙin da ya cinye mahaifinsa. Kuma masu karatun da suka saye shi, da Himu suka koyi zama da littafi.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun ji yadda aka laƙaba wa rubuce-rubucen su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sunan Adabin Kasuwar Kano, sau da yawa cikin raini. Alhali kuwa waɗannan littattafai ne suka sa dubban mata da matasa suka saba da karatun Hausar boko. Bangladesh ta soki Humayun, amma ta ba shi lambar yabo ta Bangla Academy a 1981 da Ekushey Padak a 1994, tun yana raye. Mu ma muna iya yin gyara ga marubutanmu ba tare da mun manta cewa su suka samar mana da masu karatu ba. Wanda ya haƙa rijiya, bai kamata a hana shi guga ba.