Takardar da ke bin maras lafiya

Gidajen likita a Nijar hawa-hawa ne. A ƙauye akwai ƙaramin ɗakin magani da ake ce wa kaz-da-sante. Gaba da shi sai CSI, wurin majoro. Daga nan sai likitar gunduma, kamar ta Madarumfa, ko Mirya, ko Birnin Ƙonni, sannan manyan likitocin Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai. Cikin kwana 2 yaro guda yana iya bi ta hannun ma'aikata huɗu waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Abin da ya haɗa su kawai ƴar takarda ce da bakin wanda ya rako yaron.

An ga haka a wani ƙauyen Gobir, tsakiyar damina, lokacin da masassara ta fi kayar da yara. Wata mata ta kawo ɗanta yana sanƙarewa, ba ya iya haɗiye ko ruwa. Ma'aikacin ɗakin magani ya sa masa maganin nan da ake sawa ta dubura, ya rubuta sunan maganin da awar da aka sa shi. Ya gaya mata da Hausa: «Inna, wannan ba ya warkarwa. Riƙe shi zai yi har ku kai wurin majoro. Ko ya farfaɗo a hanya, kada ku juyo.» Wannan magana ita ta yi aiki, don kafin amalanke ta kai rabin hanya yaro ya buɗe ido, mai gida kuma ya fara tunanin gonarsa da ba a gama noma ba.

A CSI sai aka samu wata tangarɗa. Takarda na cikin aljihun mai gida, shi kuwa ya shiga gari neman rance. Majoro ya zauna da uwa, ya tambaye ta sannu a hankali. Ita ta san ranar da zafin jiki ya fara, da sau nawa ya yi amai, da jiƙon da kaka ta ɗura masa, da ƙwayar da aka saya wurin mai tebur. Mata da yawa suna ɓoye waɗannan biyu na ƙarshe don tsoron tsawa. Ma'aikacin da ke yi wa mutane tsawa kansa ya cuta, don a cikin duhu zai ba da magani.

Tafiya dai ana ƙoƙari. Dawowa ce ke da gyara. Takardar turawa tana da ƴar'uwa, wadda likitar gunduma ya kamata ta cika ta maido wa wanda ya turo: me aka gano, me aka yi, me ya rage. Sau da yawa ba ta dawowa. Yaro ya sha allurai, watakila har da ƙarin jini, a sallame shi, mutumin ƙauye bai san komai ba. Alhali bayan allurai sai yaro ya sha ƙwaya kwana 3, safe da yamma, sau 6 ke nan. In aka tsaya a na biyu don ya fara wasa, ciwo na iya komowa.

Ordonans kuma da Faransanci ake rubuta ta, uwa ba ta shiga lakkol ba. Majoron nan yana da dabara. Yakan zana rana da wata a bayan takarda, ya ce: «To, Inna, maimaita mini yadda za ki ba shi.» Sai ta faɗa daidai yake barinta ta tashi. Ya cusa takardar dawowa cikin karnen yaro, ya miƙa wa uwa a hannunta, sannan ya buga wa ma'aikacin ƙauye salula ya ce ga su nan tafe.