Darasin da Reshen Dalbejiya Ya Koya wa Mai Gyaran Itace

Hausawa na cewa kowa ya daɗe ya ga daɗau. A wata unguwa ta garin Kaduna akwai wani magidanci da ya haura shekara 50, wanda ya daɗe a bisa itatuwa har ya ga abin da ya isa a ba da labari. Sana'arsa ita ce gyaran itace, wato rage rassan da suka rufa kan gidaje, da cire busassu, da tsinke kauci, da kuma kayar da bishiyar da ta riga ta mutu a tsaye. Jarinsa bai taka kara ya karya ba: inji ɗaya na yankan itace, da zarto, da adda, da igiyoyi, da tsani, sai yara uku da yake biya. Mutanen unguwa suna ce masa mai saran itace, shi kuwa ba ya ƙaunar sunan, domin a ganinsa mai sara makamashi yake nema, alhali shi burinsa bishiya ta rayu, gida kuma ya tsira.

Yawancin aikinsa a kan dalbejiya ne, wadda wasu ke kira dogon yaro. Ita wannan bishiya asalinta daga ƙasar Indiya ne, a ƙasar Borno aka soma dasa ta a shekarar 1928, daga nan ta bazu ko'ina a Arewa saboda jure fari da saurin girma da yalwar inuwa. Sai dai masu dasawa ba su cika tunanin gobe ba. A kan dasa ta dab da katanga ko a ƙarƙashin wayar lantarki, bayan shekaru sai ga rassa masu kaurin turmi suna lilo a kan kwanon ɗaki, suna jiran iskar farkon damina.

To, irin wannan reshe ne ya kusa raba mutumin nan da sana'arsa tun tana jaririya. Wani maigida ya kira shi da almuru, ya nuna masa dalbejiyar da ke tsakar gidansa, wadda wani babban reshenta ya tsallake katanga ya shiga gidan maƙwabci. Ya ɗaga kai ya duba sama-sama cikin duhu, suka yi jinga da fatar baki, aka ba shi kafin alƙalami. Da gari ya waye ya ga reshen ya ninka yadda ya zata, amma kunya ta hana shi tada ciniki, kwaɗayi kuma ya hana shi ɗauko ƙarin mutum. Bai ɗaure reshen da igiya ba, bai gutsuttsura shi daga ƙarshe ba, bai ko yi sallama da maƙwabcin ba. Ya kafa inji daga sama, ya yi nufin gamawa da yanka ɗaya.

Kafin inji ya kai rabi sai reshen ya tsage, ya ɗaye ɓawon bishiyar har ƙasa, ya juya inda ba a nufa ba, ya rufta da katanga da rabin kwanon ɗakin girki. Matar maƙwabcin ba ta daɗe da tashi daga gindin murhu ba, da goyo a bayanta. Allah ya kiyaye ba a yi rashin rai ba. A gaban mai unguwa, wanda ya ba da aikin ya ce shi gyara ya sa a yi masa, bai sa a rushe gidan kowa ba, kuma babu takarda, babu shaida. Babur ɗinsa ya sayar ya biya magina da kafinta. Bishiyar ma ba ta ƙara lafiya ba, don ta wurin ɗayewar nan ruɓa da gara suka shige ta.

Tun daga ranar ya kafa wa kansa sharuɗɗa. Na farko, ba ya yanke farashi sai da rana tsaka, bayan ya kewaya bishiya ya dubi inda ta karkata, ya ƙwanƙwasa gindinta da ƙotar gatari ya ji ko akwai kogo, ya lura da ƙudan zuma, ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Cikin kuɗin yakan lissafa ladan yara, da mai, da cin sarƙa, da hayar a-kori-kura ta kwashe ganye, domin sau da yawa kwasar ta fi yankan cin lokaci. Sannan a rubuta a takarda: rassa nawa za a cire, wa ke da itacen da aka sauke, wa zai ɗauki asara in an yi ɓarna. Maganar mallakar itacen ba ƙarama ba ce, gama masu gidan burodi da masu sayar da makamashi suna saye, kuma rigima ta fi tashi a kansa. In reshe ya shiga gidan wani, ba ya taɓa shi sai maƙwabcin ya sani ya yarda.

Na biyu, babban reshe yanka uku yake yi masa. Yakan fara daga ƙasan reshen, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga jikin bishiya, ya shiga kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Sai ya koma sama, ɗan gaba kaɗan, ya yanka har reshen ya faɗi, tsagar ƙasan nan ita ke hana ɓawo ɗayewa. Daga ƙarshe ya cire guntun da ya rage, dab da kumburin da ke wuyan reshe, ba tare da ya taɓa kumburin ba, domin daga nan ne sabon nama ke tasowa ya rufe miki. Wani masanin itatuwa na ƙasar Amurka, Alex Shigo, shi ne ya bayyana a shekarun 1970 da 1980 cewa bishiya killace ruɓa take yi a cikin jikinta, kuma shafa fenti a bakin yanka ba ya hana ruɓewa. Saboda haka in maigida ya kawo baƙin mai a shafa, sai ya ba shi haƙuri. Inda kuwa akwai kwano ko katanga a ƙasa, gunduwa-gunduwa ake yanka reshe, a ɗaure kowace da igiya, a sauke ta a hankali, domin ɗanyen itace mai faɗi da tsawo da kauri mita ɗaya-ɗaya nauyinsa yakan kusanci tan guda.

Na uku, ba ya raba bishiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara, kuma ba ya yarda ya yi mata ƙwal-kwabo. Wadda aka datse wa kai gaba ɗaya takan yi toho da yawa cikin sauri, mai gida ya yi murna, bai san sababbin rassan a fatar itace kawai suke maƙale ba, su ne kuma iska ke fara karyawa. Kowace bishiya da lokacinta: mangwaro bayan an gama cin 'ya'yansa, dalbejiya kuwa da rani, kafin hadarin Afrilu da Mayu.

Game da inji, yakan ce wa yaransa abokin aiki ne wanda ba ya sabo. Sarƙa mai dakushi ta fi mai kaifi haɗari, don haka magagari ba ya barin aljihunsa. Man fetur yakan gauraya shi da man injin da aka yi dominsa, kashi 50 da kashi 1, kamar yadda kamfanonin Stihl da Husqvarna suka tsara wa injunansu. Ba a yanka da saman ƙarshen takobin inji, don nan ne yake harbi ya dawo wa fuskar mai riƙe da shi, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a riƙe shi da hannu ɗaya. Hular kwano da tabarau da takalmi mai tauri wajibi ne, mai hawa kuma a ɗaure yake da ɗamara da igiya. In za a kayar da bishiya ɗungum, duk wanda ba shi da aiki a wurin sai ya ja baya ninki biyu na tsawonta, kuma kafin nan ya riga ya je wurin ma'aikatan gandun daji neman izni. Sunan sana'arsa ma ya yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, domin makarantu da ofisoshi sun fi sakin jiki da mai takarda da rasit. Da yake aikin na yanayi ne, yakan ware wani abu daga cinikin damina saboda watannin hunturu da kuma ranar da inji zai kwanta.

Wannan tsari ya sha jarrabawa, amma babu kamar ranar da wani attajiri ya kira shi kan wata dalbejiya da rassanta suka sarƙe da babbar wayar lantarki, irin mai ƙarfin bolt 11,000. A lokacin aiki ya yi wuya, kuɗin haya ya matso, ga ɗan marigayi wansa da yake riƙo, saurayi mai zafin nama, wanda ya shekara biyu yana jan igiya a ƙasa yana ɗokin hawa.

Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan aiki sai an rubuta wa kamfanin wuta sun zo sun kashe layin tukuna."

Alhaji ya ce, "Haba malam, ai tun jiya babu wuta. Ka hau ka gama, in ƙara maka wani abu."

Ya ce, "Allah ya ƙara arziki. Wanda ya ɗauke ta bai gaya mini sa'ar da zai maido ta ba."

Yaron ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baffa, ni zan iya. Kafin a ɗaura alwala na sauko."

Ya dube shi ya ce, "Ɗana, irin wannan waya ba sai ka taɓa ta ba, tsalle wutarta take yi, ɗanyen reshe kuma hanya ce gare ta. A ƙasashe da dama an hana wanda bai koyi aikin lantarki ba ya kusance ta da ƙasa da mita 3. Ubanka amanarka ya bar mini. Naɗe igiya mu tafi."

Suka tafi, aikin ya kuɓuce musu, aka ba wasu. Kwana uku yaron yana fushi, uwargida ma sai da ta yi ƙorafi da ta ga an ci bashin masara. Maigidan bai ce uffan ba, domin shi kaɗai ya san abin da yake gani in ya rufe ido: mace da goyo tana tsaye kusa da murhun da reshe ya farfasa.

Da rani ya zagayo aka ba su gyaran itatuwan mangwaro da dalbejiya a wata makarantar firamare, aka sa ranar Asabar da babu yara. Nan babu waya, babu kwano. Ya ɗaura wa yaron ɗamara da hannunsa, ya ja kowane ƙulli ya gwada, ya ba shi zarto maimakon inji, ya ce wanda bai iya da zarto ba inji ba zai koya masa ba. Yaron ya hau, ya tsaga reshe daga ƙasa, ya koma sama ya yanke, ya share guntun ya bar wuyan lafiya lau. Baffan yana ƙasa riƙe da igiya, bai ɗauke ido ba har ƙafar yaron ta taɓa ƙasa. Sa'an nan ya miƙa masa littafin jinga da alƙalami, ya ce daga yau shi zai riƙa zagaya bishiya ya faɗi farashi, shi kuma ya saurara ya gyara masa.

Allah ya kiyaye masu neman halali a bisa itatuwa, ya sauko da su lafiya.