Daga Ina Baƙin Ya Fito?

Bahaushe bai san ɓera da komai ba sai ɓarna, shi ya sa duk baƙon da ya shigo gidanmu a nan Ingila ya ga yara sun kewaye akwatin gilashi suna leƙe, sai ya kama baki. To mai karatu, abin da ke ciki ba ɓeran rumbu ba ne. Turawa na ce masa jabil, asalinsa daga dajin Mongoliya, jelarsa da gashi, kuma bai cika wari ba don fitsarinsa kaɗan ne. A 1954 Dakta Victor Schwentker ya kai su Amurka domin bincike, daga ɗakin gwaji suka faɗa gidajen mutane.

Launinsu na asali ruwan ƙasa ne, ciki fari. In ka ƙura wa silin gashi ɗaya ido za ka ga kala uku: gindi toka-toka, tsakiya rawaya, tsini baƙi. Haka namu biyu suke, mace da namiji. Cikinsu kwana 24 zuwa 26 ne kacal. Da macen ta haihu, gashi ya fara tsiro wa 'ya'yan, sai ga ɗaya baƙi wuluk. Babbar 'yata ta ce, "Baba, wannan ɗan waye?"

Ɗansu ne mana. Kowane jabil yana ɗaukar ƙwayar gado biyu ta wannan launi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Masu kiwo na rubuta ta ruwan ƙasa da babban A, ta baƙi da ƙaramin a. Babbar ita ke rinjaye; muddin tana nan, ƙaramar sai ta laɓe, ta yi ta bin zuriya ba wanda ya sani. Ran da uwa da uba suka miƙa ƙaramar a tare, ranar baƙi ke bayyana, kusan ɗaya cikin huɗu. Lissafin da Gregor Mendel ya buga ke nan a 1866, shi da waken lambu ya yi nasa gwajin.

Wallahi tambayar yarinyar nan ta tsaya mini a rai, domin na sha jin irinta a bakin manya, kuma ba a kan dabba ba. Aure nawa ya girgiza don jariri bai ɗauko fatar ubansa ba? Alhali a Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) da zargi saboda matarsa ta haifi baƙin yaro, aka tambaye shi launin raƙumansa, aka nuna masa cewa gado na iya fizgowa daga kakanni.

Sauran launuka ma haka suke. Akwai ƙwayar da ke mai da ido ja ta kuma kodar da gashi: in ta samu mai ruwan ƙasa ya koma ruwan zinare, in ta samu baƙi ya koma toka mai haske.

Wadda nake tsoro ita ce ta dabbare-dabbare, wadda yara suka fi so. Ita ba ta laɓewa, guda ɗaya ta isa ta sa farin tabo a goshi da wuya. Amma ɗan da ya gaji biyu ba ya zuwa duniya, tun a ciki yake mutuwa. Don haka na kafa doka ba a haɗa masu tabo biyu a gidan nan. Yaran sun yi ta magiya, har autan ya yi mini yajin magana na yini guda. Namijin ma yanzu akwatinsa daban, tun da muka gane macen na iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu.