Kaza da 'Ya'yanta, da Abin da Sama Ta Koya Mini

A kan tabarmar kakata Iya na fara karatun sama, tun ban san alif ba. Bayan magariba, kafin a kunna aci-balbal, Iya takan ɗaga sandarta ta nuna mana Zara matar wata tana ƙyalli a yamma. In duhu ya ƙara, ta nuna Kaza da 'ya'yanta a cure wuri guda. Da asuba kuwa, idan ta fito alwala, sai ka ji ta ce Gamzaki ya fito, gari ya kusa wayewa. Takan ce duk lokacin da Kaza ta daina bayyana da almuru, manomi ya gyara fartanyarsa, damina ta matso.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ji cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne. Duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, wadda Larabawa ke kira Zuhura, hasken ma aro take yi daga rana. Wasu watanni ta biyo bayan rana mu gan ta da yamma, wasu watanni ta riga ta fitowa. Na yi kwanaki abin yana ci mini rai, kamar an ƙaryata Iya a gabana. Da hankali ya zo mini, na gane babu wanda ya ƙaryata ta. Abin da idonta ya gani daidai ne, lokutan da ta ƙididdige daidai ne. Dalilin ne kawai bai iso gare ta ba. Tun daga ranar na daina raina sanin tsofaffi, na kuma daina tsoron tambayar abin da ke bayansa.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da kimiyya, amma har yau babu darasin da ke sanyaya mini jiki kamar na tafiyar haske. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, duk da haka sai ya yi minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mana daga rana, domin tsakaninmu da ita akwai kilomita kusan miliyan 150. Ranar da kake gani, ta minti takwas da suka wuce ce. Kaza kuwa, haskenta yakan yi wajen shekara 440 a hanya. Wato hasken da zai faɗa idonka daren yau ya baro gida tun fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. An kafa garuruwa, an rushe ganuwa, an haifi kakannin kakanninmu an binne, shi yana tafe. Duk sa'ad da na faɗi wannan a aji, sai ɗakin ya yi tsit, har yaron da ya fi kowa surutu ya saki baki.

Ƙananan abubuwa ma haka suke. Nakan shiga aji da ƙwayar gero ɗaya a tafin hannu, in ce da yara su ɗauka wannan ita ce cibiyar ƙwayar zarra, wadda ake kira atam. In an ajiye ta a tsakiyar filin idi, to ilaktoron ɗin da ke kewaye da ita suna can bakin fili ko ma gaba. Tsakani babu komai. A 1911 ne Ernest Rutherford ya gano haka a Manchesta ta Ingila, bayan an yi ta harba wasu ƙananan ƙwayoyi kan siririn fallen zinari: galibinsu suka wuce abinsu, 'yan kaɗan suka dawo da baya, alamar sun ci karo da wani ɗan abu mai nauyi a tsakiya. Turmin da ake daka a ciki, da dutsen niƙa, da ƙashin jikinmu, kusan duk fili ne. Allah mai iko.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ƙaramin da babban suka haɗu. A cikin cibiyar rana, inda zafi ya kai wajen digiri miliyan 15, ƙwayoyin haidurojin ne ke haɗewa su zama hiliyom, daga nan hasken da ke nunar da dawarmu yake fitowa. Taurarin da suka fi rana girma nesa ba kusa ba sukan ci gaba da wannan ƙira har su kai ga ƙarfe, in ajalinsu ya zo su tarwatse su watsa shi. Ƙarfen fartanyar da Iya ke magana a kai, da wanda ke cikin jinin mai riƙe da ita, daga irin wannan maƙera suka fito.

Yana ba ni takaici in ji ana haɗa ilimin falaki da duba. Ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi ɗungurum a yankin Gusau da Katsina. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, da lissafi tsantsa. Ina tsaye a ƙofar gida na ga gari ya rufe da hantsi, kaji suka nufi akurki, aka tafi masallaci aka yi salla, ba a jima ba rana ta washe. Lissafin bai hana kowa sallarsa ba.

Jikokina a birni suka tashi, hasken lantarki da na waya ya raba su da sama. Na tambayi babbarsu ina Kaza take, ta ce ba ta taɓa ji ba. A 1986 na ga tauraruwa mai wutsiya ta Halley, dishi-dishi, kuma sai 2061 za ta dawo. Jikokin nan nawa ne za su gan ta, in Allah ya kai su. Iyaye da malamai, don Allah ku riƙa fita da yaran nan tsakar gida in sama ta washe, ku faɗa musu sunayen da muka gada, sannan ku faɗa musu nisan kowanne.