Yaƙin da Ya Kawo Mu Riruwai

Idan baƙo ya tambaye mu asalinmu, mukan ce mu mutanen Riruwai ne. Gaskiya ne kuwa, gama a nan aka binne cibiyarmu. Amma kakanmu ba a nan aka haife shi ba. Manomi ne daga wani ƙauye na ƙasar Lere, cikin lardin Zazzau. Yaƙi ne ya kawo shi nan, ko da yake bai taɓa riƙe bindiga ba, bai kuma taɓa ganin abokin gaba da idonsa ba.

Sa'ad da muke yara, in an gama addu'ar dare, mukan kewaye shi mu ce, "Kaka, ba mu labarin yaƙin Hitila." Sai ya yi murmushi ya ce shi da Hitila ba su taɓa gamuwa ba, shi dai kwano aka ɗora masa a ka. Sai da muka girma muka yi karatu, sa'an nan muka gane yadda zaren ya ƙullu.

Ga yadda abin ya faru. Ƙasar Japan tana da masana'antu da sojoji masu yawa, amma ba ta da man fetur ko roba ko kuza a ƙasarta. Tun 1937 take yaƙi da Sin. A 1941 Amurka ta daina sayar mata da mai, don ta tilasta mata janyewa. Shugabannin Japan suka ga abu biyu ne a gabansu: ko su janye da kunya, ko su ƙwace ƙasashen da ke da waɗannan abubuwa. Girman kai bai bar su sun janye ba. A watan Disamba 1941 suka kai wa jiragen ruwan Amurka hari, suka kuma faɗa wa Malaya, wadda take hannun Ingila, inda ake haƙo wajen kashi ɗaya cikin uku na kuzar duniya. A Fabrairu 1942 Singafo ta faɗi. Kada mu ɗora wa Japan kaɗai laifin kwaɗayi, gama Ingila ma ba gadon Malaya ta yi ba.

To, yaƙin zamani ba ya yiwuwa sai da kuza. Da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙe wayoyin rediyo da na jirgin sama. Da Ingila ta rasa ta Malaya, sai ta juyo wajenmu. Ta kuwa san inda za ta duba. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suke narka kuza, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Wannan ne ma ya nuna wa Turawa cewa akwai arziki a duwatsun nan har zuwa Jos.

A 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas a filayen kuza. Aka yanka wa larduna yawan mutanen da za su kawo, umarni ya gangaro daga En'e zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci. Kafin a soke dokar a 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000. Mai hali yakan san yadda zai fanshi ɗansa. Kakanmu da ƙanensa ba su da kowa, sai aka rubuta su duka biyu, dawa tana tsaka da bukatar noman biyu.

Abin da ya fi ambata shi ne sanyi. Mutumin da ya saba da zafin ƙasarmu, aka kai shi kan tudun Jos da 'yar taguwa ɗaya, ya wuni cikin ruwa yana ɗaukar ƙasa da kwano, ya kwana a bukkar da take yoyo. Abinci ba ya isa, gama an tara dubban bakuna wuri ɗaya, masu noman hatsin kuwa su ne aka ɗebo. Atuni da ciwon haƙarƙari suka shiga barikoki. Wajen aikin madatsar ruwa ta Tenti ya yi ƙaurin suna saboda yawan waɗanda suka mutu a can. Da yawa suka gudu cikin dare. Kakanmu ya so gudu, amma ƙanensa ya riga ya kwanta, ba ya iya tafiya. Ya yi kwana shida yana tari, ran na bakwai ya cika. In Kaka ya kawo nan yakan yi shiru, mu ma mu yi tsit.

Da ya koma gida sai ya tarar ciyawa ta cinye gonar, kakarmu ta ci bashin hatsi don ta ciyar da yara da surukarta, ga haraji yana jira. Aka jinginar da gonar, ba a kuwa fanshe ta ba har yau. Abin da ya rage masa shi ne sana'ar da aka koya masa dole. Ya ɗauki iyalinsa da kwanonsa ya zo Riruwai wankin kuza. Masana tarihi sun nuna cewa ƙarin kuzar da aka samu ta wannan wahala duka bai taka kara ya karya ba.

Sojojinmu da suka je Bama an ba su lambobin yabo, sun kuma cancanta. Leburan kuza ba wanda ya ba su kome. Mun tuna da su a 2022, sa'ad da Rasha ta shiga Yukiren, kuɗin taki da na fulawa ya tashi, maƙwabtanmu a Doguwa da Tudun Wada suka rage kadadar masara don buhun taki ya fi ƙarfinsu. Yawancinsu ba za su iya nuna Yukiren a taswira ba, kamar yadda Kaka bai iya nuna Malaya ba.

Sau biyu babanmu ya je ƙasar Jos neman kabarin baffansa, bai samu ba. Kwanon Kaka kuwa yana nan, gindinsa ya huje an liƙe. A ciki muke ba awaki dusa.